Kunnen Bakanike

Shekara talatin da ɗaya ina sauraron babura
a wannan lungu na Hai Phong, bayan kasuwar kifi.
Tun daga kan gada nake gane mai zuwa:
wannan fulogi ne ya gaji,
wancan sarƙa ce ta saki, mai shi kuwa rowar mai gare shi.
Kafin a kashe inji na riga na ɗauko sifana.
Mutane suka ce, Khiem, kunnenka ya fi idon likita.
Na yarda. Wa zai ƙi?

To, bana shiru ya shigo lungun.
Baburan lantarki, masu wucewa kamar kyanwa a kan tabarma,
ba hayaƙi, ba tari, ba gurnani.
Ranar Talata wata malamar makaranta ta turo nata har ƙofata,
gumi na ɗiga daga haɓarta.
Na durƙusa, na kara kunne a cikinsa.
Ko uffan.
Na buɗe murfi: wayoyi ja da shuɗi,
da wani baƙin akwati da ya zuba mini ido
kamar na ci bashinsa.
Na ce mata, can gaba akwai wani yaro mai kwamfuta.
Ta tura abinta. Na bi ta da kallo har ta sha kwana.

Da dare Nhung, autata, ta ajiye takarda gefen kwanon taliyata.
Kwas na wata biyar, dare uku a mako, a kwalejin sana'a.
Kuɗinsa daidai da na rufin da muke tarawa
tun da guguwar bara ta yaye mana kwano biyu.
Tuyet ba ta ce komai ba.
Ta kalli bokitin da ke tarar ɗigo,
ta kalle ni, ta ƙara mini barkono.

Na kwana ina lissafi tare da ruwan sama.
Hamsin da huɗu. Ido sai da tabarau.
Yatsu sun yi kanta,
baƙin mai ya yi gida a ƙarƙashin farce, sabulu ya gaji da kora.
Su ne za su riƙe waya siririya kamar gemun masara?
In zauna benci ɗaya da sa'o'in 'yata,
in ɗaga hannu in ce ban gane ba?
Tsofaffin babura ai ba gobe za su ƙare ba.
Sai wata zuciyar ta ce:
haka Kawu Dinh ya faɗa a kan kekensa na haya,
ga shi can bakin asibiti yana tallan tikitin caca.

Ban je kwalejin ba. Ba tukuna ba.
Da safe na sayi kofi biyu, mai madara da ƙanƙara,
na taka har shagon yaron.
Vinh sunansa. Na same shi yana kokawa da ƙafar gaba da ta karkace,
bai san ta inda ake lallashin ƙarfe ba.
Na karɓi guduma. Bugu uku.
Ya ce, Baba, yaya aka yi?
Na ce, kai ma faɗa mini abin da baƙin akwatin nan ke cewa.

Yanzu Litinin da Alhamis, bayan an rufe shago,
hannun dama na wanke na hagu.
Takardar Nhung na nan a aljihu, ta fara laushi,
ba a rufe rajista sai ƙarshen wata,
rufin kuma bai daina yoyo ba.

Jiya ya danƙa mini tsinkayen awo:
ja a nan, baƙi a can, kada ka haɗa su in kana son gemunka.
Lambobi suka hau, suka sauka, ban kama rabinsu ba.
Sai sabo ya sunkuyar da kaina, na kara kunne.
Akwai wani abu.
Siririn kuka, kamar sauro a ɗakin maƙwabci.
Vinh ya rantse bai taɓa ji ba.
Na ce masa ya yi shiru, ya sake murɗawa.