Sikelin Sallau

A bayan gadar Ijora, inda ruwa ke warin gishiri da baƙin mai,
na ɗaure jirgina da igiya a jikin turke,
tsakanin igiya da turke na rataya sikelin Sallau mahauci.
Aro ne, zuwa la'asar.
Ya ce in na karya, sai dai in biya da sa.

Jirgi ne da ba ya shiri da ruwa, ba ya shiri da ƙasa,
kan iskar da ya hura wa kansa yake zama
kamar mai gaba da kowa.
Fanka ɗaya ke ɗaga shi, ɗaya ke tura shi.
Ta bayan ce ta hana ni barci wata bakwai.

Ta farko fukafukai uku ne,
daga ƙyauren wata matacciyar danfo na yanko su.
Ihu kamar Oshodi da safe,
sikeli ya ce kilo tara.
Rasaki mai walda ya yi dariya har ya zauna cikin bokiti:
"Malam Jatau, wannan ai shayi take fifitawa."

Na kunna maganin sauro, na kara a bakinta
don in ga abin da ido ba ya gani.
Hayaƙi ya tona asiri:
iska na zillewa ta bakin fiffike, tana komawa baya,
kwandasta ce, ta karɓi kuɗi ta hana canji.

Sai na yi mata zobe.
Na yi ta rage rata
har sai da katin waya kaɗai ke iya ratsawa.
Na murɗe kowane fiffike, gindi a miƙe, baki a kwance,
don baki ya fi gindi gudu
ko da tare suka tashi.
Ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa da nauyin ɓarin goro,
ya girgiza ni har haƙora.
Dare biyu ina goge shi da hasken tocila.

Yau biyar ne.
Na fizgi igiyar inji, bujen roba ya kumbura,
kwalaben da ke bakin ruwa suka watse.
Allura ta wuce tara ba ta gaishe ta ba,
ta wuce ashirin,
ta tsaya tana kakkarwa a talatin da ɗaya.
Babu ihu.
Wani amo ne siriri, kamar ana wasa wuƙa daga nesa.

Ranar Asabar za a yi tsere, daga Makoko zuwa ƙarƙashin doguwar gada.
Ba ni zan tuƙa ba, tumbi ya hana.
Lantana ce, 'yata,
ta fi ni sauƙi da kilo ashirin, ta fi ni rashin tsoro da abin da ba ya aunuwa.

La'asar ta yi, Sallau ya zo karɓar kayansa.
Ya dubi allura, ya dubi fanka, ya shafa gemu:
"Yanzu har iska ake aunawa a Ikko?
To nawa kilo?"