Abin da Ƙasa Ta Kasa Riƙewa

Kwana uku ana sheƙa ruwa a Sac City.
Da ya ɗauke, na zura takalmin roba
na gangara ƙarshen gonar Merle,
inda bakin bututu ke tsiyaya cikin rafi.
Masara ko idon sawu ba ta kai ba.
Bakinta ƙarami ne tukuna,
an kuwa ajiye mata akushin ƙato.

Na tara kwalba.
Ruwan garau, ba wari, ba launi,
mai ƙishi zai yi bisimilla ya kafa kai.
Sai a ɗakin gwaji yake tona cikinsa:
goma ce iyakar da aka yarda a sha,
na'ura ta ce sha tara.

Merle ya iso da kofi biyu a kofin takarda.
Tani yake kirana, sunan mata,
na gaji da cewa Tanimu, na bar masa.
"Nawa yau?"
Na faɗa. Ya cire hula, ya sosa sanƙo,
ya dubi rafin kamar ɗan da ya ɗauko masa magana.

Tun kaka ya zuba takin, bayan girbi,
lokacin da farashi ya sauka, inji kuma ba aiki.
Ƙanƙara ta kwanta a kai wata huɗu,
ta narke, ruwan sama ya biyo baya.
Kakansa ne ya binne bututun laka a ƙarƙashin nan
don fadama ta bushe ta zama gona.
Ta bushe ɗin.
Amma wanda ya buɗe wa ruwa ƙofa
ba ya zaɓar masa kayan da zai fita da su.

A Dandume mahaifina da tiya yake sayen taki.
Murfin kwalbar lemo ne ma'auninsa:
ya tona gindin shuka da tsinke,
ya zuba, ya danne da dunduniya,
ni ina biye da shi da roba a ka.
Ƙwaya ɗaya ta faɗi a kunya, sai ya sunkuya.
Taki baƙo ne, in ji shi,
in ba ka ba shi masauki ba, ruwa zai ba shi.

Akwai rijiya a tsakar gidan Merle,
tsohuwa, ta girmi shi kansa.
Surukarsa Corinne ba ta ɗiba.
Ruwan leda take saya daga kanti, katan-katan,
ta dama wa jaririya madara.
Ba wanda ke ta da zancen a kan teburin abinci.

Rafin nan zai miƙa wa kogi,
kogi ya miƙa wa babbansa,
har can kudu, bakin teku,
inda gansakuka za ta ci ta yi ɓul-ɓul,
ta mutu, ta ruɓe, ta shanye iskar ruwa.
Wani masunci da bai taɓa jin sunan Merle ba
zai jawo koma, ya tarar da nauyin igiya kawai.
Ruwa ba ya tsami banza.

"Banki ba ya jiran rafi," in ji Merle.
Ban yi musu ba, na ga takardun.
Amma bara ya bar ciyawa a gefen gabas,
ta kwana kore duk tsawon sanyi,
saiwarta na tsintar abin da zai gudu.
Na tara kwalba ta biyu a can.
Sha uku.
Bai yi murmushi ba, ya dai ce in rubuta da kyau.

Jiya Baba ya kira, layi na yankewa.
Buhu ya yi tsada, bana rabi zai sa.
Ya ce, wai aikin me kake yi ne a can?
Na ce, awon ruwa.
Ya yi dariya har da tari:
ruwa ma sai an auna?
Na dubi kwalaben a jere bisa tebur,
na tambaye shi lafiyar awaki.