Shuɗin Endel

A marinar babana ya same mu,
shekarar da aka canja kuɗi,
dogon Bature, wuyansa ja kamar gauta,
riƙe da ƙyallen da asu ya gama ci.
Ya ce da Hausar ɗan koyo: “Irin wannan nake so.”

Babana Labaran ya shimfiɗa shi a gwiwa.
Sama shuɗi, tsakiya baƙi, ƙasa fari.
Ya ce baƙin ba wuya,
farin kuwa Allah ya riga ya yi,
shuɗin ne dai sai an gwada.

Sau bakwai aka tsoma alawayyo a karofi.
Na farko bai kama ba, na huɗu ya zarce.
Endel ya ɗaga kowanne ga rana, ya girgiza kai.
Wai shuɗin samaniyar garinsu ne
idan ƙanƙara ta fara narkewa a bakin teku.
Mu da ƙanƙararmu ta damina ce,
kafin ka tsince ta ta zama ruwa,
ina za mu san wannan?
Ya karɓi na bakwai don kunya. Ya biya.

Ni aka aika in kai masa, can bayan Ƙofar Sauri.
Da rana akawu ne a kamfanin fatu.
Bayan la’asar sai ya sa kwat, ko da bazara,
ya zauna bayan tebur,
ya buɗe gwangwanin biskit:
hatimi, tawada, fasfo goma sha biyu ba suna.
Ya ce shi jakada ne.
Na ce na wa?
Ya jawo taswira, ya ɗora yatsa
inda jan launi ya malale komai.
Na duba, na sake dubawa. Ba rubutu a wurin.
Ya ce: “Estoniya. Tana nan a ƙasa.”

Bayan wata uku wasiƙa ɗaya,
daga wasu tsofaffi masu irin gwangwaninsa
a biranen da ban iya faɗar sunansu ba.
Kowace shekara masu rubutowa na raguwa.

Baƙo ɗaya tak na taɓa gani a ofishin,
wani mai haƙa rijiyar burtsatse.
Suka kwana suna yarensu har kiran assalatu,
da zai buga masa hatimi sai hannu ya yi rawa,
tawada ta ɓata rabin shafi.

Nasa fasfon kuwa in ya ƙare,
sai ya tsaya gaban tebur ya miƙa,
ya zagaya ya zauna, ya duba hoton, ya sa hannu.
Na leƙa ta taga na gani. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Samarin unguwa suka sa masa Sarkin Babu.
Babana ya ji, ya ajiye muciya:
“Ku Katsinawa ne za ku yi wannan dariyar?
Ba ga Maraɗi nan ba?
Waɗanda suka fita da sunan garin nan a baki,
kun ji sun tofar?”

Ya rasu tsakiyar damina, gero na bununi.
Mu shida muka raka shi, har da direban kamfani.
Gwangwanin ni ya bar wa, da ƙyallen,
da adireshin da na rubuta wa sau biyu, shiru.

Da damina ta zagayo
ina gyaran fitila, rediyo a kan tabarma,
sai na ji mai labarai ya yi tuntuɓe da sunan,
ya maimaita: ta dawo.
Wata goma sha uku kacal, Endel.

Babana ba ya nan, karofinmu ya zama bola.
Na kwance ƙyallen na rataya a igiyar shanya.
Shekaru sun sha shuɗin, ya yi sanyi,
ya yi wani haske da ba mu taɓa fitarwa ba.
Na ɗaga shi ga rana yadda yake yi.
Wataƙila yanzu ne ya dace.
Wa zan tambaya?
Matata ta ce in sauke, hadari ya taso.