Tekun da Na Gina a Samaru

Ban taɓa ganin teku ba.
Babban ruwan da na sani shi ne Galma in ta cika ta batse,
sai madatsar Kubanni da muke zagawa da yamma.
Amma ga ni, sha ɗayan dare, a ɗakin kwamfuta,
ina gina gaɓar teku da yatsu goma.

Da raga na fara:
gida arba'in da ɗaya a faɗi, tamanin a tsawo,
hawa goma sha shida daga fuskar ruwa zuwa laka.
Na kafa bango gabas, na kafa bango yamma,
kudu da arewa na ɗinke bakinsu,
ruwan da ya fita ta nan ya komo ta can
kamar ɗan aiken da ya mance saƙo.
Ɗumi a sama, sanyi a ƙasa,
gishiri daidai wa daida.
Sai na rubuta wa iska umarni:
bi gaɓa, kada ki yi garaje,
kwana biyu kina ƙara ƙarfi sannu sannu.

Dakta Lantana ta ce gwaji ne kawai,
an san amsarsa tun ina goye.
"In naki ya zo daidai da na mutane,
sai mu yi zancen ruwan Legas da Kalaba."
Ban ji haushi ba.
A zauren Baba a Kwarbai
ba a miƙa wa yaro babbar riga
sai allurarsa ta yi shekara a kan ƙyalle.

Kwana uku na'ura tana ƙin karɓar aikina,
wai akwai fayil ɗin da ba ta gani ba.
Na duba sama, na duba ƙasa, na zargi kowa.
Ashe harafi ɗaya ne,
babba ya zauna a kujerar ƙarami.

Yau ta karɓa.
Lambobi suka gangaro layi layi,
taku na goma, na hamsin, na ɗari biyu,
na ɗauki kofin shayi ke nan
tekun ya fashe.
Ruwa na gudun da jirgin sama ba ya yi,
allo ya cika da abin da ya ce ba lamba ba ne.
Laifina ne: na sa lokaci yin taku mai faɗi,
yana tsallake gidaje ba sallama.
Na raba takun biyu, na sake farawa.

Sai aka ɗauke wuta.

Tanimu mai gadi ya zo da tocila,
ya ja igiyar janareta sau bakwai kafin ta yi tari.
Ya leƙo ta kafaɗata: "Malama, akwai kifi a ciki?"
Na ce babu, lissafi ne.
Ya ce shi ɗan Yawuri ne, a kwalekwale aka yaye shi,
bai taɓa jin ruwan da ba kowa a ciki ba.

Ƙarfe huɗu saura, kwana biyar na teku suka cika.
Na buɗe hoton.
Iska ta bi gaɓa, juyin duniya ya karkatar da ruwan sama gefe,
ga shuɗi yana hawowa daga ƙasa ta jikin bango ɗaya,
sanyin zurfi ya fito shan iska,
daidai inda takarda ta ce zai fito.

Tanimu ya ɗora yatsa a kan shuɗin,
ya bar mini tabon baƙin mai a allo.
"In da ni ne, nan zan jefa taru."
Nan ɗin ne kuwa. Babi guda ne a littafinmu.

An kira assalatu daga Hayin Dogo.
Na adana fayil a wuri uku, na fito.
An yi ruwa ban sani ba.
A bakin ƙofa wani ɗan kududdufi ya kwanta,
iska tana tura fuskarsa gefe guda.
Na tsuguna,
na tsoma yatsa in ji ko ƙasansa ya fi sanyi.