Ƙasar Garejina

Shekara talatin da huɗu a Suame Magazin
ina rigingine ƙarƙashin motocin mutane.
In na kwance noti baƙin mai ya zubo,
abin da kwano ya tare na kwano ne,
abin da ya malala ƙasa ta sha,
ba ta taɓa ce mini ta ƙoshi ba.
Ko ƙaya ba ta tsira a nan.
Kajin Maame Serwaa mai dokunu ma
kewayewa suke yi.

Ran Talata sai ga Hamdiya daga jami'a,
autata, da safar hannu da kwalabe sha biyu.
Ta ce a haƙa mata. Yaw ya ɗauko diga.
Ta ɗebi ta sama, ta ɗebi ta taƙi guda,
ta ɗebi ta kamu biyu, inda laka ta zama kwalta.
Wari ya buso, na ruɓaɓɓen ƙwai.
Yaw ya toshe hanci, ita kuwa murmushi.

Ta ce, Baba, akwai masu rai a ciki,
ido ba ya kama su, mai ne tuwonsu.
Na ce, man inji? Ta ce, shi fa.
Na sama, waɗanda iska ke ratsawa,
cinsu cin fara ne a gonar gero.
Na can ƙasa wata ƙabila ce dabam,
iskar da muke shaƙa guba ce gare su,
da farar wuta da tsatsa suke numfashi,
suna gutsura a hankali
kamar tsohuwa da ƙanzo.
Warin nan hucinsu ne.
In damina ta liƙe ƙofofin ƙasa
na sama su yi sanyi, na ƙasa su hau gari,
aikin wata ya koma na shekaru.

Na yi shiru. Na san ramin da ba iska.
Na san yadda ƙirji ke koyon haƙuri
da hayaƙin salansa, da tarin asuba,
kuɗin makaranta na taruwa sidi-sidi.
Ban faɗa mata ba.
Na dai riƙe mata kwalba tana rubuta lamba.

Da za ta hau trotro ta ce,
ka riƙa juya ta, Baba, ta sha iska,
ka zuba dusar katako da kashin kaji.

Yanzu in na dawo masallaci
fartanya nake ɗauka kafin sifana.
Masu walda suna ihu, bakanike ya koma noma!
Ina ɗago na ƙasa su ga rana,
ko da yake ta ce ranar ajalinsu ce,
wasu ne za su gaje wurin.
Wannan ya tsaya mini a rai kwana biyu.

Har yau ba abin da ya tsiro.
Amma jiya, wajen la'asar,
wata kazar Maame Serwaa, mai wake-wake,
ta tsallako kwata, ta tsaya,
ta karkata kai,
ta fara tono.