Awon Tsawo

Gidan kaka a gaɓar Cornwall,
can bisa dutsen da teku ke lasa,
tagoginsa sun fi mutanensa yawa.

A jikin ƙofar ɗakin sama
Morwenna ta ga zane-zanen tawada,
awon tsawon wani yaro, Jory.
"Teku ta cinye shi," in ji kaka,
"tun ban yi haƙori ba." Ta tsuke baki.

To, wa ya ja zanen bara?
Na bana fa, da ko bushewa bai yi ba?

Daren nan kyandir ya mutu, ba iska.
Matakala ta yi ƙara, ɗaya, biyu.
Warin gishiri. Jiƙaƙƙun sawu.
Sai murya, dab da ƙeyarta:
"Tsaya sosai, ban da ɗage.
So nake in ga ko na kamo ki."