Wosha Ɗaya

Da hantsi aka turo ta,
a-kori-kurar Alhaji Nomau,
tana warin tumatir na Mil Sha Biyu,
ruwan daren jiya bai gama barin kwatocin Agege ba.
Sallau direba ya diro da rantsuwa a baki:
"Wallahi ban shiga ruwa da ita ba,
giya ta uku ce kawai ta yi mini tawaye,
in na sa ta, sai ta tofo ni."

Oga Rasaki bai ce kanzil ba.
Ya miƙo mini sufana sha bakwai,
ya nuna ƙasa da haɓa.

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine.
Daga nan Ikko ƙafafu ce zalla:
silifas, safar 'yan makaranta,
dugadugan mai tallan burodi,
tayar danfo tana watso mini caɓi.
Na kwance noti.
Abin da ya zubo ba man giya ba ne,
shayi ne da madara, har da kumfa.
Oga ya dangwala, ya kai wa Sallau hanci.
Baki ya iya kwana,
cikin mota bai iya ba.

Muka zare farfela, muka tokare da jak,
mu uku muka sauko da giyabos
kamar masu sauke majinyaci daga gado.
A kan buhu muka feɗe shi.
Ga haƙora a jere, biyu sun yi giɓi,
zoben tagulla ya suɗe kamar tsohon kwabo,
boris in ka juya shi sai gurnani,
gurnanin da Sallau ya yi wata biyu
yana danne shi da rediyo.

Aka aike ni Ladipo, kuɗi a cikin safa.
Na ci gosulo har na manta sunana.
Obiora ya rantse nasa ɗan Beljiyam ne,
na ce rantsuwa na baro ta a gareji,
na juya boris a kunnena,
na ukun ne ya yi shiru.
Shi na saya.

La'asar sakaliya muka fara mayarwa.
Kananzir a kwano, tsumma a kafaɗa,
kowane ƙarfe da maƙwabcinsa,
wanda ya riga fita shi ke shiga ƙarshe.
Aka ɗauke wuta, na riƙe fitilar waya da haƙori.
Muka ɗaga, muka ɗaure, muka ɗura sabon mai
mai kalar zuma.
Har na fara jin ƙanshin shinkafar Iya Basira.

Na je zubar da kananzir,
sai wani abu ya ce ƙwal a gindin kwano.
Wosha.
Siririya, ba ta kai farcen babban yatsa kauri ba.

Ba wanda ya gani.
Kwata na nan kusa, baki buɗe.
Na tuna gadar nan doguwa a kan ruwa,
kwando arba'in a baya,
da yaron mota zaune a kai yana gyangyaɗi.
Na kai wa Oga a tafin hannu.

Ya dube ta, ya dube ni.
Da Hausarsa mai gishirin Yarabanci ya ce:
"Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne.
Sauke."

Muka sauke.
Sauro ya yi walima da ƙafafuna,
shinkafa ta ƙare, Iya ta kife tukunya.

Da asuba Sallau ya tayar.
Ɗaya. Biyu.
Ya ja numfashi, ya tura ta uku,
ta shige kamar hannu cikin aljihu.
Ya leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa:
"Ruwan nan fa, iya gwiwa ne kawai."

Oga ya jefo mini sabulu.